Ranar Da Na Wanke Sudusi Da Zamzam

Daga Allah muke, gare shi muke komawa. Baba ya cika ranar Talata da hantsi, aka sallace shi a Harami bayan azahar, kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabartar Ma'ala sun zazzauna a kan bencina a lungunmu na Jarwal a nan Makka. Uban mijina ne. Shekara tara ina gidansa, ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba, kuma ba yau zan fara ba.

Kwana ukun zaman makoki mun ga abin da ba mu zata ba. Mota guda ta zo daga Jidda cike da tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa, Yamalawa da Somaliyawa da mutanen Sawakin. Wani nakuda, wato mai jirgi, ya roƙi a nuna masa inda Baba yake zama ya yi aiki. Da aka kai shi zaure ya ga tabarma da ɗan guntun teburi, sai ya durƙusa ya fashe da kuka, gemu duk hawaye. Maƙwabta suka yi ta kallon juna. Su abin da suka sani, wani tsoho ne mai tsuke fuska wanda ba ya son a buga masa ƙofa da ƙarfi.

Inna, uwar mijina, ba ta yi kuka a gaban mutane ba, sai tambaya take ko an kai wa baƙi gahawa. Mai gidana ina hango shi ta taga a ƙarshen benci, ana miƙa masa hannu yana karɓa, idonsa a bushe. Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba, ita ta cika ɗakin mata da magana.

"Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta," in ji ta. "Mutumin kirki ne wallahi. Amma a faɗi gaskiya, ya gasa wa yarinyar nan aya a hannu. Kuskure guda ta yi, shekara bakwai yana sa ta bauta a zaure."

Mata suka juyo suna kallona da tausayi. Ni ce yarinyar, da 'ya'yana huɗu! Na cije leɓe na ci gaba da zuba shayi, don ba a musu a gidan makoki. Amma raina ya ɓaci, kuma ba zan bari a bar Baba da wannan shaida ba. Shi ya sa zan faɗi abin da ya faru, har da kuskuren nawa.

Baba yana ƙarami iyayensa suka taso da shi a ƙafa daga ƙasar Katsina. Mahaifinsa ya rasu a Sawakin, teku na gabansu bai ƙetare ba. Nan Baba ya shiga aikin jiragen katako, har wani ma'allim Ba'indiye ya koya masa awon rana. Ma'allim shi ne mai nuna wa jirgi hanya. Shekara talatin yana ruwa, sannan ya tattaro ya dawo Makka don ya mutu kusa da Ɗakin Allah. Mutuwar ta yi masa jinkiri. Yakan ce, "Na zo da wuri, aka ce in zauna in jira." Yana jiran ne masu jirage suka gano inda yake, suka riƙa aiko masa da sudusinsu daga Jidda yana gyarawa.

Wanda bai san sudusi ba, abin awon rana ne na masu tafiya a teku. Na tagulla ne, faɗinsa bai wuce faifai ba. Yana da baka mai layuka ƙanana ƙanana, da hannu mai yawo a kan bakan, da ɗan dunƙulen ƙarfe da ake murzawa hannun ya matsa a hankali, da madubai biyu, da bututun leƙawa. Da tsakar rana ma'allim yakan auna tsayin rana da shi, ya yi lissafi, ya ce ga inda muke. In awon ya kauce da kaurin zare, jirgi ya kauce da tafiya mai nisa, kuma a tsakiyar teku ba wanda za ka tsayar ka tambaya hanya.

In an kawo masa sudusi, Baba ba ya fara taɓawa. Sai ya ɗaga murfin akwatin ya shinshina. "Wannan kusa da kifi aka ajiye shi," ko kuwa, "Mai wannan taba yake sha a kansa." Bai taɓa kuskure ba. Ta jikin sudusin yake ɗaga shi, ba ta hannu mai yawon ba, kuma na taɓa gani ya doke yatsun wani babban nakuda da ya ɗaga ta nan, kamar yaron makaranta. Man agogo yake sawa, da bakin gashin tattabara, irin wanda yake tsinta a ƙasa in ya dawo daga salla. Maganarsa a kan man nan guda ce kullum: "Ɗigo ɗaya. Na biyun na ƙura ne."

Mai gidana ɗan farinsa ne, kuma Baba ya riƙe kunyar ɗan fari irin ta can gida, a nan garin da Larabawa ke rungume 'ya'yansu a bakin titi. Bai taɓa faɗar sunansa ba. "Wancan" yake ce masa. Wancan ya dawo? A ba wancan abinci. Ni kuma suruka ce, in na ji takunsa sai in durƙusa in sunkuyar da kai har ya wuce. Shekara biyu muka yi a haka, ban san launin idonsa ba.

A shekarar tawa ta biyu, bayan yaƙin Turawa ya ƙare, mai gidana ya sami zama ma'allim a wani babban jirgin katako da zai je Adan, daga can ya yanki teku zuwa Indiya. Karon farko ke nan da hanya za ta zama a wuyansa shi kaɗai, da rayukan mutum fiye da ashirin. Baba ya tafi ziyara Madina a lokacin. Sai mai gidana ya bar sudusinsa a ɗakina, ya ce in Baba ya dawo ya duba masa, a ba direban motar Jidda ya kai masa ranar Asabar ta sama. Shi ya wuce can wurin lodin jirgi.

Tsoro ya hana ni sukuni. Ina da ciki wata biyar, ga miji zai shiga ruwan da ake kwana ashirin ba a ga ƙasa ba. Gwaggo ta same ni ina share hawaye a gaban akwatin.

"Ke kuwa kina Makka kina kuka?" ta ce. "Mutane daga bangon duniya suke zuwa su tsoma likkafaninsu a Zamzam, ke ga shi a tulunki. Wanke masa abin nan da shi, ki shafa masa turare, ki yi addu'a. In ya ɓata a teku ki ce ba ni ba ce."

Na ga ai magana ce. Na ɗauko ƙwarya na cika da Zamzam, na wanke sudusin nan tas, ciki da waje, na dirje madubai da bakin zanena. Na ɗauko man turaren aurena mai kauri, wanda ko ni ba na sawa sai da salla, na shafe dunƙulen murzawa da bakan da shi. Don kada albarka ta tsere, ban ma bari ya bushe ba na rufe akwatin. Kwana takwas yana rufe cikin zafin Makka, ni kuwa ina ji da kaina.

Ranar Talata Baba ya dawo. Bayan ya huta na kai masa akwatin zaure, na durƙusa a bakin ƙofa. Ya ɗaga murfi, ya shinshina. Ya sa yatsa ya murza dunƙulen, ya ƙi motsi. Ya shafa bayan madubi, sai ga abu yana ɓarewa a yatsansa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Baba. Zamzam ne da turare, don..."

"La ilaha illallahu!"

Ban taɓa jin muryarsa ta tashi haka ba. Inna da Gwaggo suka sauko da gudu. Da Gwaggo ta ji zancen sai ta dafe ƙirji.

"A'uzu billahi, Yaya! Zamzam ne zai ɓata abu? A garin nan kake faɗar haka?"

"Ni ma shi nake sha," in ji Baba, "kuma likkafanina yana sama an riga an tsoma shi. Amma kurɓi ki ji, ba ki jin ɗan kanwa-kanwa a harshe? Wannan ne ya ci bayan madubin. Allah ya ba mu Zamzam don cikinmu, bai ce mu jiƙa tagulla mu rufe ba."

"To albarkar fa?"

"Albarkar tana nan. Madubin ne babu."

Gwaggo ta ja mayafi ta haye sama tana cewa teku ta taɓa masa imani. Wata guda ba ta gaishe shi ba. Ni dai ina durƙushe, na gane abin da na yi. Saura kwana huɗu mota ta tashi, kuma na makantar da abin da zai dawo min da miji.

Baba ya ajiye sudusin a tabarma. Can ya ce, "Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Gobe da hantsi ki wanke hannu ki zo."

Ranar farko ya sa ni zama a tabarmarsa, abin da ban taɓa yi ba. Ya kwance sudusin da yatsunsa yana jera guntayen a kan farin ƙyalle. Ya miƙo min sabon asuwaki ya ce in tauna bakinsa ya yi laushi, in tsoma a kananzir, in bi zaren dunƙulen nan ɗaya bayan ɗaya har turaren ya fita. Turaren ya daskare kamar ƙaro. In na ce na gama, sai ya bi da farce ya ce, "Saura." Da la'asar ya sa na tafasa ruwa, na riƙa tara ɗigon da ke taruwa a murfin tukunya a cikin finjali. Da wannan ruwan kaɗai muka ɗauraye tagullar, muka shanya a inuwa.

Rana ta biyu madubi. Ya aika kasuwar maƙeran zinariya aka sayo zaiba. Na kankare tsohon bayan madubin, na wanke gilashin har ba tabo. Ya shimfiɗa takardar kuza mai laushi, ya sa na ɗiga zaiba ina murzawa da yatsa har ta yi sheƙi, sannan na zura gilashin a kai a hankali.

"Akwai kumfa?"

"Akwai ɗaya, Baba, a gefe."

"Cire. Sake."

Sau huɗu ina sakewa. Bayana ya ƙage, ɗan cikina yana harbi, hawaye yana zuba ina kawar da kai kada ya ɗiga a gilashi. Shi kuwa yana zaune hannu a gwiwa, ko sunkuyowa ba ya yi ya duba. A raina na ce, wannan tsoho mugu ne. Aikin da zai gama cikin sa'a guda ya sa ni a gaba yana kallo don ya wulaƙanta ni. Allah ya yafe min, har na yi niyyar in mai gidana ya dawo in ce ya nema mana ɗaki a wani wuri.

Rana ta uku madubai suna kwance ƙarƙashin dutse, muka koma kan baka. Ya hana ni ko kusantar da toka ko yashi, ya ce layukan nan in sun goge ba mai mayar da su a duk Hijaz. Baƙin fitila ya sa na kwaɓa da ɗan mai, na shafa, na share da tsumma mai laushi, sai ga layukan sun fito raɗau. Sannan ya miƙo min gashin tattabara. Na ɗiga ɗaya, hannuna ya kai zai ƙara, ya ce, "Na ji ki." Ya murza dunƙulen kusa da kunnensa, ya tafi sumul ba ƙara.

Ranar Asabar bayan fitowar rana ya ce in biyo shi saman soro. Ya mayar da komai wurinsa, ya nuna min layuka biyu a bakan, ya ce in murza har su haɗa baki. Na haɗa. Ya ce in ɗaga in leƙa dutsen da ya fi nisa, wajen hanyar Jidda.

"Za ki ga kan dutsen rabi a madubi, rabi a fili. In layi ɗaya ne miƙaƙƙe, ya yi. In ya karye, bai yi ba. Me kika gani?"

A karye yake, gefe ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya. Ga direba ya aiko cewa kafin azahar zai tashi, ga gajiya, ga haushi. Kaɗan ya rage in ce ya yi. Sai na miƙa masa na ce, "Baba, kai ka duba mana. Ni me na sani?"

Bai karɓa ba. Ya juyo ya fuskance ni, karo na farko, na ga idanunsa. Wani fari-fari ya kwanta a kansu kamar an ɗiga nono a ruwa.

"Ya binti, 'yata," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "tun bayan Hajjin bara ban ƙara ganin layi ba. Ina ganin hanya, ina gane mutane, shi ke nan. Madinar nan da na je, har da neman magani, ba a dace ba. Wancan kuwa duk abin da ya fito daga hannuna ba ya dubawa, ɗauka yake ya tafi. Laifina ne, ni na saba masa." Sannan ya ce, "Da ba ki wanke shi ba, da ban san da bakin da zan roƙe ki ba. Faɗa min gaskiya, me kika gani?"

Na ce, "A karye yake, Baba. Na dama ya fi tsawo."

"Madalla. Riƙe da kyau."

Ya laluba bayan madubin da ɗan mabuɗi, ya juya kaɗan. Na leƙa, ya wuce. Ya dawo da shi. Muka yi ta yi, rana tana hawa, gumi yana shiga min ido, shi yana juyawa ni ina faɗa, har kan dutsen nan ya miƙe ya zama ɗaya.

"Ya haɗu, Baba! Wallahi ya haɗu!"

"Sauke. Rufe ido. Sake dubawa."

Sai da na duba sau uku ya yarda aka rufe akwatin. Muna saukowa ya tsaya a matakala ya ce, "Kada ki faɗa masa muddin ina raye. In ya sani, da shakka zai shiga ruwa, mai shakka kuwa hannunsa rawa yake. In na tafi, ke kika sani."

Wata bakwai mai gidana ya yi, ya dawo ya tarar da ɗansa yana dariya. Ya durƙusa a ƙofar zaure yana ba da labarin yadda iska ta kwashe su kwana da kwanaki, ya auna rana ya ce gobe za a ga ƙasa, aka kuwa gani. Ya ce, "Hannunka ba ya ƙarya, Baba." Baba ko kallonsa bai yi ba. Ya shinshina akwatin, ya turo shi wajena da ƙafa, ya ce, "Gishiri ya hau shi. A ba mai laifi."

Aka yi dariya, Gwaggo ta yi tsaki. Daga ranar duk sudusin da ya shigo gidan nan, ni da Baba muke yinsa, shi hannu da hanci da kunne, ni ido. Mutanen gida suna ganin horo ne ba ya ƙarewa, muka bar su a haka. In muna zaure shi da kansa yake zuba min shayi, ya tura min finjalin. In na haihu yakan ce wa masu jirage ba ya jin daɗi, su jira kwana arba'in.

Bayan rasuwarsa da mako uku saƙo ya zo daga Jidda cewa lokacin tafiya ya yi. Da safe na sami mai gidana a zaure, akwatin a cinyarsa.

"Zan ce wa nakuda ya nemi wani," ya ce. "Na bar teku."

"Saboda me?"

"Ban taɓa ɗaga abin nan ina tunanin ko daidai yake ba. Na san ta hannun wa ya biyo. Yanzu wa zai duba min?"

Na zauna a tabarmar, na karɓi akwatin, na buɗe na shinshina.

"Ka ajiye shi kusa da jiƙaƙƙiyar igiya," na ce. Ya ɗago yana kallona. "Tafiyarka ta farko zuwa Indiya, wa ya duba layin?"

"Baba mana."

"Baba bai ga layin ba. Tun kafin nan idonsa ya rufe, bai ƙara ganin layi ba har ya koma ga Allah. Tafiya bakwai ka yi da idona, bakwai ka dawo."

Can ya ce, "Ya san haka, ya bar ni na shiga ruwa?"

"Na kowa sau ɗaya yake sa ni in duba. Naka sau uku. Kuma duk ranar da motarka za ta tashi ba ya cin komai, sai ya zauna a nan yana tambayata ko na tabbata, ko na tabbata. A ranar kaɗai nake jin ya faɗi sunanka."

Mutumin da bai zubar da hawaye a Ma'ala ba ya kifa kai a kan guntun teburin ubansa, ya yi kuka har kafaɗunsa suna girgiza. Na bar shi ya yi. Da ya ɗago ya share fuska da hannun riga, ya turo min akwatin da hannu biyu.

"Jibi mota za ta tashi," ya ce. "Zai samu?"

Na ce ya miƙo min asuwaki.

Allah ka jiƙan Baba, ka yalwata masa makwanci, ka buɗe masa idanunsa a can ya ga ɗansa yana dawowa gida.